Lakar sokawe da ta shekara a ajiye: shin dalma da kadmiyam sun bar cikinta?

Tambayar ta zo ne daga wani mai lambu a wajen Ojo, nan Legas. Kashin kaji ya yi tsada, sai aka yi masa tayin busasshiyar laka daga wurin da motocin yasar sokawe ke juye kaya, kusan kyauta. Masu ba shi sun ce an sarrafa ta, ta shekara a jibge, ko wari ba ta yi. Latas da alayyafo da albasa mai lawashi yake shukawa. Yana so ya sani ko sarrafawa da doguwar ajiya sun kawar da ƙarafa masu guba da ya ji ana cewa suna cikin irin wannan laka.

Malam, Allah ya taimaka. Amsar a taƙaice ita ce ba su kawar da su ba, kuma galibi abin da ke cikin kowane kilo na lakar yau ya fi na ranar da aka juye ta.

Masu ba ka lakar ba ƙarya suka yi ba game da wari da cuta. Ƙwayoyin cuta da ƙwan tsutsar ciki masu rai ne, zafi da bushewa da tsawon lokaci suna kashe su. Ƙa'idojin Hukumar Lafiya ta Duniya na 2006 sun sa ajiya ta fiye da shekara ɗaya a yanayi mai ɗumi irin namu cikin hanyoyin rage wannan haɗari. Dalma da kadmiyam da tutiya da tagulla da nikel da kuromiyam da makuri kuwa ba su da rai balle su mutu, ba sa kuma ruɓewa. Abu biyu kawai sarrafawa da ajiya ke yi musu: suna canza yawansu a kowane kilo, suna kuma canza halin da suke ciki, ko a ɗaure ko a sake yadda saiwa za ta iya zuƙa.

Mu fara da yawan. Ɗauki tan ɗaya na laka da aka cire wa ruwa gaba ɗaya, a ce kilo 700 daga ciki abu ne mai ruɓewa, kilo 300 yashi da toka. A ce kuma awo ya nuna tutiya miligiram 800 a kowane kilo, kadmiyam miligiram 3. Waɗannan lambobi misali ne don lissafi, taka lakar sai awo ya faɗa. Idan rabin mai ruɓewar ya tafi iska cikin watannin ajiya, tan ɗin ya koma kilo 650, amma giram 800 na tutiya suna nan, giram 3 na kadmiyam suna nan. Yanzu tutiya ta zama kusan 1,230 a kilo, kadmiyam 4.6. Miya ce aka bari a wuta, ruwa ya ƙafe, gishirin da aka zuba tun farko ya fito. Saboda haka takardar awon da aka yi wa laka tana sabuwa ba ta ba ka labarin wadda ta shekara.

Abin da ya fi komai yanke hukunci shi ne inda lakar ta fito. Yawancin gidajen Legas ba su haɗe da babban bututun ƙazanta ba. Akwai 'yan matatu a wurare irin su Abesan da Oke-Afa da Iponri da Alausa, amma mafi yawan mutane sokawe suke da shi, mota ke zuwa ta yashe. Lakar gidajen kwana zalla yawanci ƙarafanta ba su da yawa, tutiya da tagulla ne kan gaba, daga bututu da sabulai da man shafawa da abincin da mutane suka ci. Matsalar tana wajen cakuɗuwa. Mota ɗaya na iya yashe gida da safe, da rana ta ɗebo ramin wata masana'anta a Ikeja ko Ilupeju ko Apapa, duka a juye wuri ɗaya. Wurin da ake shafa wa ƙarfe ruwan ƙyalli yana zubar da kuromiyam da nikel da kadmiyam. Masu fasa batir da masu fenti suna kawo dalma. Garejin makanikai yana kawo baƙin mai da tutiya da tagulla. Juyi ɗaya na irin wannan ya isa ya ɓata lakar gidaje masu yawa, kuma babu ido ko hancin da zai gane. Tambayar farko da za ka yi musu ita ce ko suna ware motocin masana'antu, kuma ko suna rubuta inda kowace mota ta fito. In babu wannan, kowane tari sai an auna shi daban.

Sai batun ɗauri da saki, wanda shi ne mutane suka fi jahilta. A cikin sokawe ko tankin narkarwa babu iska. Ƙwayoyin halittar da ke rayuwa a nan suna mai da sinadarin farar wuta zuwa salfaid, wanda shi ne ke ba laka baƙin launi da warin ruɓaɓɓen ƙwai. Salfaid yana kama kadmiyam da tutiya da dalma da tagulla da nikel ya mai da su abin da kusan ba ya narkewa a ruwa. Wato a lokacin da laka ta fi muni a ido da hanci, a lokacin ƙarafanta suka fi zama a ɗaure. Da zarar an shimfiɗa ta a fili iska ta shiga, salfaid zai fara komawa salfet, wannan kuma yana haifar da asid. A lokaci guda amoniyan da ke ciki yana komawa naitiret, shi ma asid yake fitarwa. Lakar da ta fito da pH (ma'aunin tsami, wanda saukarsa ke nufin ƙaruwar tsami) wajen 7 ko 7.5 tana iya sauka zuwa 6 ko ƙasa da haka cikin 'yan watanni, gwargwadon yawan alli da ke cikinta. Tutiya da kadmiyam da nikel su ne ke fara sakuwa. Dalma da tagulla da kuromiyam sun fi riƙo, domin suna manne wa ruɓaɓɓen abu da tsatsar ƙarfe da fosfet. Laka mai launin ƙasa-ƙasa, mai marmashi, marar wari, wadda kowa zai yaba, tana iya ƙunsar kadmiyam mai saurin shiga ganye fiye da ɗanyar.

Haɗa takin gargajiya da ita, wato a cakuɗa ta da busassun abubuwa a bari ta yi zafi, shi ne hanyar da muka fi ba masu lambu shawara, in dai lakar da ma mai tsabta ce. Ana haɗa awo ɗaya na laka mai danshi da awo biyu zuwa uku na garin katako ko ɓuntun shinkafa ko yankakkiyar ciyawa. Danshi ya tsaya tsakanin kashi 50 zuwa 60 cikin ɗari: in ka matse a hannu ta dunƙule, ruwa bai zubo ba. Tarin ya kai tsayin mita 1.2 zuwa 1.5, faɗi mita biyu zuwa uku. Ƙa'idar Amurka ta 1993 ga irin wannan dogon tari ita ce zafin ciki ya kai digiri 55 na tsawon kwana 15, a juya shi aƙalla sau biyar cikin kwanakin. Bayan nan a bar shi ya huce ya nuna, wata ɗaya zuwa biyu. Amfaninsa ga ƙarafa biyu ne. Garin katakon ya surka su, sannan baƙin taki da ya nuna yana riƙe tagulla da dalma sosai. Amma surkin ba ya ɗorewa duka, tunda shi ma garin katakon ruɓewa yake yi, kuma riƙon da takin ke yi wa tutiya da kadmiyam mai rauni ne. Inda aka fi yin kuskure shi ne a kwashe taki tun bai nuna ba. A makonnin farko ruwansa cike yake da narkakken abu mai ruɓewa, wanda ke ɗaukar tagulla da nikel ya yi yawo da su. A kuma kula da asalin garin katakon. Na sabon gungume daga injin yanka ba shi da laifi, amma na katakon da aka jiƙa da maganin gara mai launin kore yana iya ƙunsar tagulla da kuromiyam da asanik, na tsohuwar ƙofa mai fenti kuma dalma.

Farar ƙasa wata hanya ce. Ana zuba wajen kilo 200 zuwa 300 ga kowane tan na busasshiyar laka, har pH ya kai 12 ya tsaya a nan awa biyu, sannan kada ya sauka ƙasa da 11.5 na ƙarin awa 22. Tana kashe cuta da sauri, tana surka ƙarafa, tana kuma ɗaure kadmiyam da tutiya bayan pH ya daidaita. Sai dai a kwanakin farko da pH ke sama sosai, ruɓaɓɓen abu yana narkewa ya ja tagulla da nikel, tutiya da dalma ma suna iya komawa ruwa in pH ya wuce 11. Ruwan da ke tsiyaya daga sabon tari mai farar ƙasa ba abin bari ya shiga rijiya ba ne. Naitirojin mai yawa kuma yana tashi a matsayin amoniya, wato ka yi asarar wani ɓangare na abin da ka je nema. Iska tana sauko da pH zuwa wajen 8 a hankali, in aka zuba a gona mai tsami kuma ruwan saman Legas yana wanke farar ƙasar cikin 'yan shekaru, ƙarafan kuwa suna nan.

Busarwa da rana ko da inji ruwa kawai take cirewa. Ƙonawa kuwa muna hana ta ƙwarai. Toka tana tattara ƙarafan har ninki biyu ko uku, makuri yana bin hayaƙi ya shiga huhun wanda ke tsaye a wurin, wani ɓangare na kadmiyam da dalma ma yana tashi, kuma in akwai farar ƙasa a ciki kuromiyam na iya komawa nau'insa mafi guba mai narkewa a ruwa. Gawayin laka da ake yi a rufaffiyar tukunya a wajen digiri 500 yana ɗaure ƙarafa da kyau, amma aikin masana'anta ne mai tace hayaƙi, ba na durom a bakin lambu ba.

Yanzu ajiya, a yanayin Legas musamman. Tarin da aka bari a fili daga Afrilu zuwa Oktoba yana jiƙewa ya bushe, ya sake jiƙewa. Bayansa yana shan iska ya yi tsami, cikinsa yana toshe babu iska. Duk ruwan da ya sauka a Yuni da Yuli yana wanke abin da ya saku a ɓawon ya gangara da shi ƙasa. Wannan yana iya rage tutiya da nikel kaɗan a saman tarin, amma ba ɓacewa suka yi ba, sun koma gindin tarin da ƙasar da ke ƙarƙashinsa. A Ojo da Badagry da bakin lagun ƙasar rairayi ce, ruwan ƙasa kuma yana kusa, sau da yawa rijiyar da ake ban-ruwa da ita tana 'yan taku daga wurin. Tare da ƙarafan, naitiret da fotash ma suna tafiya, su ne kuma abincin shukar. Sakamakon shi ne taki ya rage ƙarfi, manomi ya ga bai yi aiki ba ya ƙara zubawa, ƙarafan da ke shiga gona su ninka. Wannan ne ya sa muke ganin doguwar ajiya a fili ta fi cutar da mai lambu fiye da yadda take taimaka masa.

In za a ajiye, a yi daɓen siminti mai ɗan gangare, kamar santimita ɗaya zuwa biyu a kowace mita, da ƙaramin rami mai siminti da zai tara ruwan da ya tsiyayo. Ruwan a mayar da shi kan sabon tari ko matatar ƙazanta, kada a yi ban-ruwa da shi. A yi rumfa, gefe a buɗe don iska. In rufin kwano ne a sa indararo, domin ruwan da ke sauka daga kwano yana ɗauke da tutiya, bai kamata ya ɗiga kan tarin ba. Kada a haɗa sabuwar laka da tsohuwa, domin sabuwar tana maido da ƙwan tsutsa, tana kuma ɓata lissafin awo. Kowane tari da ranarsa a rubuce. A nisanta shi da rijiya da magudanar ruwa da inda ambaliya ke kaiwa, da kuma bakin babban titi ko wurin ƙona wayoyi da tayoyi, saboda ƙura.

Awo a ƙarshe ake yin sa, daf da lokacin zubawa. Ɗebi kaɗan-kaɗan daga wurare 15 zuwa 20, daga ɓawo da tsakiya da gindi, da cokalin roba, ba shebur mai ruwan kwano ko mai fenti ba. Cakuɗa a bokitin roba mai tsabta, ka ɗauki kilo ɗaya a sabuwar leda. Ka ɗebi ƙasar lambun ma, daga sama zuwa zurfin santimita 20, a wata ledar daban. Jami'o'i irin su ta Legas da ke Akoka da ta jiha da ke Ojo, da cibiyar binciken masana'antu ta FIIRO da ke Oshodi, nan ne za ka fara tambayar ɗakin awo. Ka nemi jimillar kadmiyam, dalma, tutiya, tagulla, nikel, kuromiyam da makuri, tare da pH da yawan danshi. In da hali a ƙara awon abin da saiwa ke iya zuƙa, wanda ake yi da sinadarin DTPA ko ruwan kalsiyam kuloraid. Abu ɗaya kada ka yarda a wuce: sakamakon ya kasance bisa busasshen nauyi. Laka mai kashi 75 na ruwa da aka rubuta mata 300 a jiƙe, 1,200 ce a bushe, ƙa'idojin laka kuma da busasshen nauyi aka rubuta su.

Dokar Tarayyar Turai ta 1986 ta sa iyakar kadmiyam a laka tsakanin miligiram 20 zuwa 40 a kilo, dalma 750 zuwa 1,200, tutiya 2,500 zuwa 4,000, tagulla 1,000 zuwa 1,750, nikel 300 zuwa 400, makuri 16 zuwa 25. A Amurka lakar da ake ɗauka mai inganci ba ta wuce 39 na kadmiyam, 300 na dalma, 2,800 na tutiya. Waɗannan iyakoki masu sassauci ne, ƙasashen Turai da dama sun tsaurara nasu, kuma an tsara su ne ga manomin da ke zuba tan kaɗan a eka mai yawa sau ɗaya a shekara, a ƙasa marar tsami. Lambar da ta fi shafarka a dokar ta 1986 ita ce ta abin da aka yarda ya shiga hekta ɗaya a shekara: kadmiyam giram 150, tutiya kilo 30, tagulla kilo 12, dalma kilo 15, nikel kilo 3.

Mu auna ta da aikin lambu. Fangali mai faɗin mita ɗaya da tsawon mita goma, in ka zuba masa buhu mai kilo 25 na busasshiyar laka, daidai yake da tan 25 a hekta. Mai latas da alayyafo a Legas ba ya hutawa, yana iya shuka shida a shekara. In kowace shuka da buhunta, tan 150 ke nan. Da lakar misalinmu, wadda ta ci jarrabawar Turai da ta Amurka cikin sauƙi, kadmiyam giram 690 ne ke shiga hekta a shekara, fiye da ninki huɗu na iyaka, tutiya kuma kusan kilo 185, ninki shida. Saman ƙasar hekta ɗaya zuwa santimita 20 wajen tan 2,800 ne, saboda haka kadmiyam zai ƙaru da kusan miligiram 0.25 a kilon ƙasa kowace shekara. Cikin shekara huɗu ka kai miligiram 1, wanda shi ne farkon iyakar da dokar ta sa wa ƙasar noma. In ka bi lissafin ta baya, irin wannan laka buhu ɗaya ne a shekara ga fangali ɗaya, ba a kowace shuka ba.

Ƙarafan ba hanya ɗaya suke bi zuwa jikin mutum ba. Tutiya da tagulla da nikel sukan fara cutar da shukar: ganye ya yi rawaya, saiwa ta tsuke, manomi ya gani. Dalma ba ta cika hawa cikin ganye ba, ta ƙura da fantsamar ƙasa take zuwa, da hannun yaran da ke wasa a wurin. Abin da ya faru a Zamfara a 2010, inda gubar dalma daga niƙan duwatsun zinari ta kashe yara fiye da 400, ta ƙura da ƙasar tsakar gida ta shiga. Kadmiyam ne ya fi ba mu tsoro a lambu, domin yana shiga ganye shukar tana kore shar babu alama, latas da alayyafo kuma suna cikin waɗanda suka fi zuƙarsa. Yana taruwa a ƙoda ya zauna shekaru goma zuwa talatin. Shi ne ya lalata ƙoda da ƙasusuwan manoma a yankin Toyama na Japan, ta shinkafar da aka shayar da ruwan kogin Jinzu. Iyakar Codex, wato ƙa'idojin abinci na duniya, ga ganyen ci ita ce kadmiyam miligiram 0.2 a kilo, dalma 0.3.

Abubuwa uku a Legas suna ƙara wa kadmiyam hanya. Ƙasar rairayi ce da ba ta da yumɓun da zai riƙe shi. Tana da tsami, ga yuriya da ake yawan watsawa tana ƙara tsamin, kadmiyam kuwa yana fara sakuwa sosai in pH ya sauka ƙasa da 6.5. A Birtaniya ma doka ta hana zuba laka a ƙasar da pH ɗinta bai kai 5 ba. Na uku shi ne gishiri: in rijiyarka tana ɗan ɗanɗanon gishiri saboda kusanci da lagun, kuloraid yana haɗuwa da kadmiyam ya sauƙaƙa masa shiga saiwa.

Shawararmu a kan latas da albasa mai lawashi da duk abin da ake ci ɗanye ita ce kada ka zuba musu wannan laka, ko awo ya yi kyau. Dokar Turai ma ta hana zuba ta cikin wata goma kafin girbe kayan lambun da ke taɓa ƙasa kuma ake ci ɗanye, latas kuwa 'yan makonni yake yi. Alayyafo da lalo da ugu ana dafa su, dafuwa tana kashe cuta amma ba ta taɓa kadmiyam, don haka su ma sai in awo ya nuna kadmiyam ƙasa sosai, pH na ƙasarka ya kai 6.5, kuma ka tsaya a ma'aunin shekara. Inda lakar da ta ci awo ta fi dacewa shi ne renon itatuwa da furanni, ciyawar ado, da masara, wadda ƙwayarta ba ta tara kadmiyam kamar ganye. A nan ma tan 5 zuwa 10 a hekta ya isa, a cakuɗa da ƙasa kafin shuka, ba a barbaɗa a sama ba. In akwai masu yankar ciyawa a gefen lambun don ragunan Sallah, a sanar da su, domin tumaki ba sa jure tagulla, tana taruwa a hantarsu har ta kashe su. Ka sa safar hannu da takunkumi in lakar tana ƙura, ka riƙa rubuta buhu nawa ya shiga wane fangali, sannan ka sake auna ƙasar da ganyen bayan shekara biyu zuwa uku.